Taurari Ɗari da Arba'in da Shida

Ƙanena Travis bai taɓa riƙe ranar haihuwar 'yarsa ba, sai na tuna masa. Amma lambar da lauya ya faɗa masa sau ɗaya tak ta zauna masa daram a ka: ɗari da arba'in da shida.

A gidan mahaifiyarmu Doreen ya fara kawo zancen, ran wata Lahadi cikin Disamba muna cin abincin rana. Ya ture faranti, ya jawo takardar goge baki ya hau zane da biro, shi da sau biyu yana faɗuwa lissafi a sakandare.

"Yaya Colleen, duba nan. Albashina dala dubu sittin a shekara. Kotu tana da jadawali, su duba albashinka, su duba 'ya'ya nawa, shi ke nan. Kuɗin ciyar da yarinya da aka yanka mini ya faɗo a kan ɗari biyar da hamsin da shida duk wata. Ko tari ba sa bari ka yi."

"To ai 'yarka ce," na ce.

"Na ce ba 'yata ba ce? Bari in gama. In yarinya tana kwana wajen uba kashi arba'in cikin ɗari na shekara, lissafi ya sauya. Sai a ɗauko albashin uwar ma a duba a jadawalin, a cire nata daga nawa, in biya abin da ya rage. Kashi arba'in kuwa kwana ɗari da arba'in da shida ne."

Mama ta ƙara masa dankali. "Ai gara. Kana can ƙarƙashin ƙasa kana shaƙar ƙura, wata tana nan tana gyaran farce da guminka."

Wannan "wata" ita ce Renata, matarsa da suka rabu shekara biyu da suka wuce. Aiki take a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga su tana yi musu wanka, a kan rabin albashin Travis. Na san hannunta, ba farcen da za a gyara, sabulu ya gama da su. 'Yarsu Tessa shekararta takwas, siririya, mai ciwon asma, ga surutu kamar rediyo. A da ƙarshen mako biyu take yi wajen ubanta duk wata, shi ma rabi sai ya ce aiki ya riƙe shi.

Lauyan ya rubuta wa Renata wasiƙa mai daɗin baki, wai uba yana neman kusanci da 'yarsa: Laraba da Alhamis duk mako, da Juma'a da Asabar mako bi mako. A ƙasan wasiƙar aka ɗan tuna mata cewa kotu ba ta son uwar da ke raba ɗa da uba. Renata ta kira ni cike da murna. "Colleen, ƙaninki ya yi hankali. Tessa ta kasa zama wuri ɗaya." Na ce mata madalla. Na san abin da aka zana a takardar goge baki, amma na ce madalla.

Ran Laraba ta farko a Janairu ya ɗauko ta daga makaranta. Ya tsayar da ita a ƙofar ɗakinsa ya ɗauke ta hoto da waya, don kwanan wata ya fito. Ya nuna mata sabuwar kalanda a jikin firij, ya miƙa mata jan biro.

"Duk ranar da kika zo, ki zana tauraro. In sun kai ɗari da arba'in da shida, wani babban abu zai faru."

"Mene ne, Baba?"

"Sirri ne."

Ƙarfe bakwai na yamma sai ga su a ƙofata. Travis gyaran injuna yake a mahaƙar ma'adinai, ƙarfe biyar na asuba ya fita, ɗakinsa kuwa gado ɗaya ne da tulin kayan kamun kifi.

"Yau kawai, Yaya, kafin in sayo mata gado. Da safe ki sa ta a motar makaranta." Ya duƙa wajen yarinyar. "Kar ki faɗa wa mamanki kin kwana nan. Za ta ji haushi ta hana ki zuwa, taurarinmu su lalace."

Gadon nan har yau ba a sayo shi ba. A kan doguwar kujerata Tessa ta yi shekarar, ƙafafunta a takure, jakarta a matsayin matashi don tana tsoron kar a manta da ita wani wuri.

Jakar nan ta fi ƙarfinta. Littattafai, kayan barci, takalmin zamiya a ƙanƙara, da 'yar robar maganin asma da take shaƙa. Gida uku take zagayawa a mako, kullum da abin da zai ɓace a hanya. Aikin gida ya kwana a motar uba, safar hannu a wajena, abin shaƙar kuma sau uku ina tashi ban gan shi ba. In na kira Travis sai ya ce, "Uwarta ce ba ta iya haɗa kaya ba."

Ran Alhamis take zuwa koyon zamiya a kan ƙanƙara, abin da ta fi so a duniya. Mako uku ya kai ta, na huɗu ya ce filin ya yi nisa. Renata ta ce to ita za ta kai ta, ta maido masa da ita bayan an tashi. Ya ce a'a, ranarsa ce, kar a zo a ce an gutsure masa. Takalman zamiyar suka koma bayan ƙofata, har suka yi mata kaɗan.

Zuwa Afrilu surutun ya ragu. Ta fara ciwon ciki duk ranar Laraba. Malamarsu ta aiko da takarda cewa tana barci a aji. Wata safiya na tarar ta naɗe zanin shimfiɗa ta cusa ƙarƙashin kujera, ta yi fitsarin kwance, yarinyar da ta daina tun tana shekara uku. Ta riƙe hannuna da hannu biyu.

"Gwaggo, kar ki faɗa wa Baba. Kar ki faɗa wa Mama."

"Ba wanda zan faɗa wa."

"Mama tana tambayata wane launi ne bargona a gidan Baba. Na ce shuɗi. Ƙarya na yi, ko?"

Ranar na sami Travis a wajen ajiye motoci, na zazzage masa abin da ke cikina. Ya jingina da mota yana saurare kamar ana ba shi labarin wasu.

"Yara suna fitsarin kwance, Yaya, ba yau aka fara ba. Ni ma na yi."

"Ka mayar da ita wajen uwarta ranar aiki. Ka riƙa ɗaukarta ranar da kake gida."

"Kin san nawa ne wannan shawarar taki a wata? Ke ba ki da ɗa, shi ya sa kike ganin abin wasa ne. Ana tatsata kamar saniya, kowa ya yi shiru. Yanzu na nemi haƙƙina na zama mugu."

Na kai ƙara wajen Mama. Ta ce, "Ai wajen dangin ubanta take kwana, ba a titi ba. Ko kujerar taki ce kike ƙyashi?" Daga nan ta dafe ƙirji ta ce in miƙo mata maganin hawan jini. Haka take yi duk lokacin da magana ta doshi ɗan autanta.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar ba ta daina son taurarin ba. Duk wahalar nan, in ta zo sai ta faɗa mini inda aka kwana. "Gwaggo, saba'in da ɗaya." "Gwaggo, mun wuce ɗari." Ta yanke wa kanta cewa babban abin nan kare ne, ɗan ƙarami mai kunnuwa a zube. Har suna ta raɗa masa. Wani lokaci kuma ta ce wataƙila ɗakinta ne Baba yake shiryawa a ɓoye. Ta ce mini, "Baban ƙawata Kendra ba ya ƙirga kwanakinta. Nawa yana ƙirgawa, don kar ya manta ko ɗaya."

Tsarin da lauya ya yi yana ba da kwana ɗari da hamsin da shida, wato da rarar goma. Travis ya cinye rararsa a kamun kifi da farautar kaka. Ranar ƙarshe ta shekara ta faɗo ran Alhamis, taurari ɗari da arba'in da biyar a kalanda, Tessa kuwa kwana uku tana kwance da zazzaɓi da tari a gidan uwarta.

Ya biyo ta wajen aikina da la'asar ya ce in raka shi, wai Renata ta fi jin maganata. Na bi shi ne don in hana, Allah ya sani. Ƙanƙara tana zuba, sanyi kamar ya tsaga haƙori. Renata ta buɗe ƙofa rabi ta tare da jikinta.

"Ba inda za ta. Ƙirjinta yana ƙara, likita ya ce ta zauna a ɗumi."

"Gidana ma da ɗumi. Yau ranata ce."

"Ka zo Asabar, ka zo Lahadi, ka ɗauki mako guda in ta warke."

"Asabar wata shekarar ce."

Renata ta tsaya tana kallonsa. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, fuskarta ta sauya.

"Wata shekarar," ta ce a hankali. "Au, ƙirge kake yi. Duk shekarar nan ƙirge kake yi."

"Ki kira shi abin da kika ga dama. Ki hana ni, gobe lauyana ya rubuta cewa kin karya yarjejeniya. Ga shaida na zo da ita."

Shaidar ni ce. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai ga Tessa ta fito daga bayan uwarta, lulluɓe da bargo, jakar nan a hannu tana jan ta a ƙasa.

"Mama, bari in je. Saura tauraro ɗaya. In ban je ba duk sun lalace."

Ta hau kuka, kukan ya tayar da tarin, tarin ya ƙi tsayawa. Renata ta rasa yadda za ta yi, ta ga hana ta ma ƙara mata ciwo yake. Ta sa mata riga a kan riga, ta zura abin shaƙar a aljihunta, ta ce da ni, "Colleen, ki ce masa ya duba ta duk bayan awa biyu."

Ya kai ta ɗakinsa, ya ɗauki hoto, ta zana tauraron. Ta tambaye shi babban abin, ya ce sai an ɗan jima. Kafin duhu, ya sauke mu a ƙofata ya wuce bikin sabuwar shekara wajen abokansa.

Da gari ya waye leɓɓanta sun sauya launi, numfashinta kamar ana busa usur. Na naɗe ta na yi asibiti da ita, na kira Renata a hanya. A nan ta ji komai, don ma'aikaciyar jinya ta tambayi inda yarinyar ta kwana, Tessa ta dube ni, ta dubi uwarta, ta fashe da kuka tana ba da haƙuri. Kwana uku aka riƙe ta.

Travis ya iso da azahar yana warin giyar jiya, da 'yar tsana a hannu. Ya sumbaci goshin yarinyar, ya ja ni waje.

"Juma'a da Asabar ɗin nan nawa ne a tsari. Ko tana asibiti ai ni za a lissafa wa, ko?"

Ban mare shi ba. Har yau ina jin haushin hannuna.

Bayan mako biyu aka kawo mini takardar rantsuwa. Mama ce ta kawo da kanta. Lauyan ya iya zaɓen kalma: wai a ranakun da aka lissafa, yarinyar tana ƙarƙashin kulawar mahaifinta da danginsa. Ba a ce ta kwana a gidansa ba, ba a ce ba ta kwana ba.

"Ina ƙarya a nan?" in ji Mama. "Ke ba danginsa ba ce? Ciki ɗaya kuka fito. Za ki tsaya a kotu ki tozarta ƙaninki saboda bare? To ki bari in mutu tukuna, ba sauran nisa."

Ta dafe ƙirji. Na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini biro, ni na sa, kuma na san abin da nake yi.

Cikin Fabrairu aka kira zaman sulhu a kotun iyali. Alƙaliya ta ba mu minti goma sha biyar. Ta duba takardun albashi, ta duba kalanda da hotuna, ta ce a ganinta wannan magana ce da iyaye za su iya daidaitawa, a fita a tattauna. Sauran shari'ar a baranda aka yi ta, a kan benci. Lauyan Travis ya buɗe kwamfuta a cinya. Renata ta zo da kayan aikinta a jiki don ƙarfe ɗaya za ta karɓi aiki. Lauyar taimako ta kotu, wadda mutum takwas ke jiranta a layi, ta zauna kusa da ita tana magana da sauri.

"Kina da abin faɗa, ba na musu. Amma in kika ƙi, sai an je cikakkiyar shari'a, wata takwas ko shekara, kuma kina buƙatar lauya naki. Wadda za ta ce yarinyar ba a wajensa take kwana ba, ita ce ta sa hannu a nan."

Renata ta karɓi takardar ta karanta har ƙasa. Ta taso ta tsaya a kaina.

"Colleen, wannan hannunki ne?"

"Renata, ba a ce..."

"Ke kika wanke mata zanin fitsari. Ke kika ɗauke ta zuwa asibiti tana shiɗewa. Shi na san shi, shekara tara na zauna da shi. Ke ce ban sani ba."

Ta koma ta zauna. Lissafin bai ɗauki minti biyu ba. Nasa ɗari biyar da hamsin da shida, nata, a kan albashin dubu talatin, ɗari biyu da hamsin da shida, a cire, saura ɗari uku. Ta dubi agogo, ta sa hannu, ta fita da gudu don kar ta makara aiki. Travis ya ce mu je ya saya mana abincin rana, ni da Mama.

A motar na yi nawa lissafin, ni da nake wuni a kan injin kuɗi a kanti. Ragin da ya samu, ɗari biyu da hamsin da shida, sau wata goma sha biyu, a raba wa kwana ɗari da arba'in da shida. Dala ashirin da ɗaya kowane kwana. A kan wannan aka raba yarinya da wasanta da barcinta, aka koya mata yi wa uwarta ƙarya, aka fito da ita cikin ƙanƙara da ciwon ƙirji. Ba wanda ya tambayi launin bargonta a kotun nan. Jadawali ba shi da gurbin wannan.

Larabar da ta biyo bayan fitowar takardar kotu, Travis bai je makaranta ba. Tessa ta zauna a ofishin shugabar makaranta da jakarta har aka kira uwarta daga wajen aiki. Alhamis ma haka. Ya aiko da saƙo wai an sauya masa lokacin aiki. Cikin Maris ya zo sau ɗaya, a sabuwar a-kori-kura baƙa mai sheƙi, ya zaga da ita unguwa ya saya mata askirim ya maido ta.

Na same shi yana wanke motar a ƙofar gidan Mama.

"Ina kwana ɗari da arba'in da shida na bana?"

"Takarda ta riga ta fito, Yaya. In Renata ba ta gamsu ba, ta san hanyar kotu." Ya matse soso. "Ke da kike cewa yarinya ta wahala da yawo? To ga shi na bar ta ta huta. Ba a iya muku."

Yanzu Renata ce ke da yarinya kwana bakwai a mako, da ragin kuɗi, da ƙarin aikin Asabar don cike giɓin. Ba ta gaishe ni, kuma ban ga laifinta ba. Amma ba ta da mai riƙe mata Tessa ran Asabar, don haka takan sauke ta a bakin titi ta jira ta ga ta shiga, ta ja mota. Na rubuta wata takardar na faɗi gaskiya duka, da kwanan wata, na zura mata a jakar yarinyar. Ta maido mini da amsa a bayan ambulan: "Da wane kuɗin zan koma?"

Asabar ɗin da ta wuce ina soya mata fanke, Tessa ta fito da wata 'yar kalanda daga jaka. Da kuɗin kashewarta ta saya tun Janairu, don ta ga ta firij ɗin Baba ta ƙare bai sake wata ba. Ta shimfiɗa a tebur. Taurari sun yi layi har tsakiyar Fabrairu, daga nan fili fetal.

"Gwaggo, na cika na bara, ko? Na ƙirga sau uku."

"Kin cika."

"Babban abin motar ce?"

Na juya fanken da bai isa juyawa ba.

"Na ji Kaka tana faɗa a waya," ta ce. "Ta ce taurarin nan ne suka sama wa Baba kuɗin mota." Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi. Ta ɗora jan biron a kan kalandar ta ture su gabana. "Gwaggo, ke kin iya lissafi. Tauraro ɗaya dala nawa ne?"

Na san amsar, har da sunana a ƙasan takardar da ta tabbatar da ita. Na kashe murhu na zauna. Tana nan tana kallona, tana jira.